Yadda ake juya jimlar Turanci zuwa passive voice

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO a ƙauyukanmu na Ringim, passive voice ɗin nan, wato jimlar da ke farawa da abin da aka yi wa aiki, ba wuya wallahi, tsoro ne kawai. Mu ɗauki Musa planted the millet, wato Musa ya shuka gero.

Da farko ka nemo abin da aka yi wa aikin, gero ke nan, ka kai shi gaba: The millet. Sai ka duba lokaci, planted ai ya wuce, to ka sa was, in abubuwa da yawa ne were. Daga nan aikatau ya koma siffarsa ta uku, nan fa yara ke shan ƙasa, don planted bai canza ba amma eat sai ya zama eaten, write ya koma written, waɗannan kam sai hadda irin ta allo, ba wata dabara. Sannan ka liƙa by Musa: The millet was planted by Musa.

In ba a san wanda ya yi ba ka watsar da by ɗin, kamar dai mu ce an sace akuya, The goat was stolen. Gwada jimla biyar yau bayan la'asar.