Kurakuran da ke ba ƙwari damar cinye katakon gini

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙananan hujojin da ke jikin katako a matsayin farkon ɓarna, alhali kuwa ƙofar fita ce. Uwar ƙwaron da ke cin katako tana saka ƙwai a tsagar itace, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta ci daga ciki tsawon watanni, wani lokaci ma shekaru, sai ta rikiɗe ta zama ƙwaro sannan ta huda ta fito, ta bar rami mai faɗin milimita 1 zuwa 2 da gari mai laushi zube a ƙasa. Wanda ya toshe ramin ya shafa fenti ya rufe idonsa ne kawai. Abin yi shi ne a share garin, a shimfiɗa takarda a wurin. Idan sabon gari ya taru bayan 'yan makonni, ƙwarin suna nan da rai. Daga nan a soka ƙusa a katakon, duk inda ta nutse ba tare da ƙarfi ba a cire shi a sa sabo.

Akwai kuma gaggawar ɗora rufi da ɗanyen katako. Danshin da ya haura kashi 20 cikin ɗari yana jawo ruɓa, gara kuwa ba ta da abin so kamar itace mai laima. A jera katakon a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa tsinke tsakanin layi da layi domin iska ta ratsa. A kuma guji farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, domin nan ne sitacin da tsutsa ke nema ya taru.

Masu shafa baƙin man inji suna cewa sun yi maganin ƙwari, amma a ganina launi kawai suka sauya wa katakon, domin man ba ya ratsa cikinsa sosai. Katakon da aka tura wa magani da matsin inji ya fi aminci, sai dai kafinta yakan manta cewa duk inda zarto ya yanka ya buɗe sabuwar ƙofa, don haka dole a sake shafe bakin yankan da magani.

Ita gara daga ƙasa take hawowa ta siririn bututun laka da take ginawa a jikin bango. Kada katako ya taɓa ƙasa, a bar tazarar santimita 15 aƙalla, kuma a kwashe guntayen itace kafin a zuba daɓe.