Yadda Ake Takawa Daga Butre Zuwa Cape Three Points, Tanti A Baya Littafi A Aljihu

Mutumin tudu in ya ga bakin teku a taswira, sai ya ɗauka shimfiɗaɗɗen rairayi ne, a yi ta bi har inda ƙafa ta gaji. A gaɓar yammacin Ghana, ƙasar Ahanta, ba haka abin yake ba. Teku ne ke yanke maka lokacin tashi da na yada zango. Ga yadda za ka yi tafiyar cikin kwana uku, ka kuma dawo da ita a rubuce.

Fara da zaɓen lokaci. Tsakanin Disamba da Fabrairu ya fi, lokacin da sama ta ɗauke. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake kamar da bakin ƙwarya a wannan yanki, hanyoyin daji duk sun zama taɓo.

Daga Accra ka hau bas zuwa Takoradi, sai turotoro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Agona Nkwanta, daga nan tasi ta sauke ka a Butre. Ka yi sayayyarka ka kuma ciri kuɗi tun a Takoradi, a canza maka su zuwa ƙananan sidi, kuɗin Ghana, don mai sayar da kwakwa a ƙauye ba ta da canjin babbar takarda. A zangon Takoradi Hausarka za ta yi maka aiki, amma da ka wuce Agona sai Ahanta da Fante da ɗan Turanci.

Kaya kada su yi yawa: tanti mai raga saboda sauro, tabarmar roba, tocila, hula, maganin zazzaɓi, man kaɗanya. Guzuri kuwa garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da sukari sun isa, kenke (tuwon ƙullun masara mai tsami) da soyayyen kifi za ka samu a hanya. Takalmi biyu, sawu-ciki na hawan duwatsu da silifa na ƙetare ruwa. Ruwan leda ka riƙa cika jaka da shi a kowane gari. Alwala dai ruwan teku ya halatta, sai dai kurkurar baki da shi sai mai haƙuri.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne sanin cikowar ruwa da janyewarsa. Teku na cika sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da janyewa kusan awa 6, kuma kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. In ruwa ya janye, yashin bakinsa na da tauri, kana tafiya kamar a kan daɓe. In ya cika, sai ya tura ka cikin busasshen rairayi mai cinye ƙafa, wani wurin ma ya rufe hanya ɗungurungum a gindin dutse. Saboda haka kowace yamma ka je wurin masunta masu gyaran koma, ka gaishe su, ka tambayi ƙarfe nawa ruwa zai janye gobe. Amsarsu ita ce agogonka.

Ranar farko ba wuya. Ka hau tudun Butre ka ga kangon ganuwar Batenstein da Turawan Holan suka gina a 1656, sannan ka nufi Busua. Daga Busua zuwa Dixcove bai fi rabin awa ba, can za ka tarar da ganuwar Metal Cross ta Ingilishi, fara fat, tana kallon mashigar da kwale-kwale suka cika. Waɗannan gine-gine na cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1979, kuma ta irinsu aka yi ta fitar da bayi. Ka shiga a natse.

Rana ta biyu, Dixcove zuwa Akwidaa, ita ce mai tsawo. Ka tashi da an sallame asuba, kafin rana ta buɗe ido. Inda duwatsu suka tare bakin ruwa, hanya na shiga gonaki da kurmi, to nan ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora, ku yi ciniki tun kafin a ɗaga ƙafa. Iyo kuwa ka haƙura da shi, igiyar wannan teku na jan mutum ciki ko da ya iya ruwa. A Akwidaa gadar katako ce ke ƙetare kogin Ezile tsakanin tsohon gari da sabo.

Kafa tanti na da ladabinsa. Ba a sauka a bakin ruwan mutane ba sallama. Ka nemi dattawan gari ko mai masauki, ka faɗi ko kai wane ne, a nuna maka wuri. Sannan ka dubi layin da ruwa ya bar ciyayi da tarkace, ka kafa can sama da shi sosai. Ni na taɓa raina wannan layi, wajen ƙarfe 3 na dare na farka na ji tabarmata na motsi, silifata ɗaya har yau tana teku. Kada kuma ka kwanta a gindin kwakwa mai 'ya'ya. A watannin Disamba zuwa Fabrairu kunkurun teku na fitowa da dare ta yi ƙwai, in ka gan ta kashe tocila.

Littafin fa? Ƙaramin littafi da fensir, don biro na zuba in takarda ta sha laima, ka ƙunshe su a leda. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, to tsakanin magariba da isha za ka rubuta, komai gajiya. In ka bari sai ka koma gida, ƙauyukan duk za su haɗe su zama ɗaya. Fara da busassun abubuwa: lokacin tashi, lokacin isa, lokacin janyewar ruwa, abin da ka kashe. Sannan abu guda da idonka ya gani sosai. "Wuri ya yi kyau" ba rubutu ba ne. Rubutu shi ne: "Maza da yara sun jeru suna jan igiyar koma da waƙa, wata tsohuwa ta ajiye baho tana jiran rabonta." Kalmar Ahanta da ka koya, ka rubuta ta yadda kunnenka ya ji.

Rana ta uku gajeriya ce, Akwidaa zuwa Cape Three Points, ƙurewar ƙasar Ghana ta kudu. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1925 na tsaye a kan tsaunin, ka hau ka rubuta shafin ƙarshe a can. Motar komawa Agona ba ta da yawa kuma hanyar ba kyau, don haka da isarka ka tambayi lokacin tashinta, in ta wuce ka nemi mai babur.