Kurakuran da muke yi in za mu fitar da darasi daga aji zuwa unguwa

Shekarar da na fara gwada haɗa darasi da matsalar unguwa a nan Gombe, itatuwa muka dasa. Dogon yaro arba'in, a watan Nuwamba, don kawai an ce za mu yi baƙi. Aka ɗauki hoto, yara suka tafa, baƙi suka tafi. Kafin zafin Maris ya kankama, awakin maƙwabta da ƙishi sun raba dashen tsakaninsu, uku suka tsira. Da na tambayi ajin me suka koya, wani yaro ya ce, "Malam, mun koyi haƙa rami."

Gaskiya ya faɗa. Biki na shirya, na kira shi darasi, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa a cikinmu. Tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019, samun irin dashe ya yi sauƙi, amma dashen ranar taro ba ya koyar da komai. A dasa da farkon damina, Yuni ko Yuli, a yi wa kowane keji, a ba shi lamba, a raba wa yara uku-uku. Duk wata su auna tsawonsa su rubuta. In Afrilu ta zo a ƙirga waɗanda suka rayu, a fitar da kaso cikin ɗari, a zauna a binciki abin da ya kashe sauran. Ko mataccen dashe yana da abin koyarwa in an rubuta tarihinsa.

Wani kuskuren shi ne ɗauko matsala daga nesa. Malami zai cika allo da narkewar ƙanƙara a ƙarshen duniya, alhali kwarin da ke cin bayan katangar makaranta kowace damina ba a taɓa ambatonsa a aji ba. Garin Gombe a ƙasa yake, ruwan tudun Akko da ke yamma ta cikinsa yake gangarowa, ƙasarmu kuma yashi ce mai saurin zaizayewa. Yaron Pantami ko Bolari ya san kwari tun kafin ya san haruffa. Abin da bai sani ba shi ne dalili, kuma nan ne aikin malami yake.

Ga yadda nake yi yanzu. A sami gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke samanta, a kafa ta a fili, a riƙa auna zurfin ruwan da ta tara da rula bayan kowane ruwan sama. Sai a gaya wa yara ƙa'ida ɗaya: milimita 1 ta ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Su auna rufin ajinsu. In mita 10 ne tsawo, 8 faɗi, aka yi ruwan milimita 30, to lita 2,400 ta zubo daga wannan kwanon kaɗai, wato jarka 96 mai cin lita 25. Ranar da muka fitar da wannan lissafi ajin ya yi tsit, sai wata yarinya ta ce, "Malam, to duka rufin unguwarmu fa?" Daga tambayarta muka shiga zancen zaizayar ƙasa, da indararo, da tara ruwa a tanki, ba tare da na ja su ba. Shi kansa kwarin ana auna shi: a kafa turke nesa da baki, a auna tazarar a watan Mayu, a sake aunawa a Oktoba. Amma kada yaro ya kusanci bakin kwari tsakiyar damina, don ruwa yakan cinye ƙarƙashinsa ya bar saman kamar lafiya lau.

Da yawa kuma sukan ware irin wannan aiki daga manhaja, su mai da shi abin bayan tashi, babu maki. Iyaye sai su ce wasa ne, yarinyar da ake jira ta ɗauki talla kuwa ba za ta tsaya ba. Ka buɗe jadawalin darussanka na zango ka nemo gurbinsa: awon fili a lissafi, ƙasa da ruwa a kimiyya, rubuta wasiƙa a darasin Hausa da Turanci. Ka sa shi cikin makin gwajin zango, a cikin lokacin makaranta.

Sai maganar manya. Na ga malamin da ya tura yara gida-gida su hana matan aure zuba shara a kwari, bai ko gaisa da mai unguwa ba. Washegari iyaye suka cika ofishin hedimasta. Da ɗan gari akan ci gari. A fara kai zancen kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makaranta, sannan a je wajen mai unguwa a ce, "Ranka ya daɗe, yaranka ne suke son su yi tambaya." Tambaya aka aike su, ba wa'azi ba. Dattijon da za a ce wa, "Baba, ina bakin kwarin nan yake lokacin da kuka tare?" zai tashi da kansa ya nuna wurin da sandarsa. A bar su su yi hirar da harshen da ya zo bakinsu, Hausa ko Fulatanci ko Tera ko Tangale. Yaron da ba ya iya buɗe baki da Turanci a aji, sau da yawa shi ne gwanin hira da tsofaffi, kuma makinsa ya kamata ya nuna haka.

Kada a mai da ɗalibai leburori. Yasar lambatu da hannu babu safa, babu takalmi, hanyar ɗauko cuta ce.

Kada kuma a yi musu alkawarin abin da ya fi ƙarfinsu. 'Yan aji biyu na ƙaramar sakandare ba za su cike kwari ba, wannan aikin injiniyoyi ne da kuɗin gwamnati, irin wanda ake yi a ƙarƙashin ACReSAL, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Abin da ke hannunsu shi ne takarda mai ɗauke da awo, da kwanan wata, da zanen wurin, su miƙa wa kansila ko hukumar muhalli ta GOSEPA ta hannun mai unguwa. Ka gaya musu tun farko cewa amsa tana iya daɗewa, ko ma ba ta zo ba.

Abu ɗaya da ya daɗe yana kayar da ni: awon Mayu a zango na uku yake faɗowa, na Oktoba kuma a sabuwar shekarar karatu, lokacin yara sun canza aji, wataƙila malamin ma an yi masa canjin wurin aiki. Yanzu littafi ɗaya mai kauri muke da shi, yana zaune a ofishin hedimasta, kowane aji ya rubuta awonsa da sunayen waɗanda suka auna, mai zuwa ya ɗora daga shafin da aka tsaya.