Yadda na tsayar da fandishon da ke nutsewa cikin yashi

Wallahi wannan aikin ya ba ni ciwon kai. Fandishon tankin ruwa ne ya fara zama ta gefe ɗaya, bango ya tsage, da muka yi gwajin ƙasa sai ga yashi sako-sako a ƙarƙashi, ka damƙa a hannu ya zube.

Na ce to a yi masa allurar siminti, wato a tura ruwan siminti cikin yashin da famfo don ya haɗe. Muka huda ramuka muka zura fayif, muka kwaɓa siminti na gama-gari muka kunna famfo, ko minti biyar ba a yi ba furesha, wato matsin famfon, ta haura, ruwan simintin ya ƙi shiga. Laifina ne, ban duba girman ƙwayar yashin ba. Yashin mai laushi ne, ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa sun yi wa simintin ƙanƙanta, sai ruwa ya wuce, simintin kuma ya taru a bakin fayif ya toshe.

Sai na koma siminti mai matuƙar laushi, wanda ƙwayarsa ba ta kai maikuron 20 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), na fara da kwaɓi ruwa-ruwa da ɗan sinadarin da ke hana shi dunƙulewa, daga baya na riƙa kaurara shi. Furesha kuma ƙasa-ƙasa, don in ka matsa da yawa ƙasar tsagewa take yi ta ɗaga ginin. Daga ƙasan rami muke farawa muna jan fayif sama kaɗan-kaɗan, ramukan farko nesa da juna, sannan na biyu a tsakaninsu, su kam siminti kaɗan suka sha.

Bayan kwana 28 muka ciro samfur, yashin ya haɗe kamar dutse, alamar da na sa a jikin tsagar ba ta motsa ba har yau.