Yadda Za Ka Binciko Tarihin Asibitin Haihuwa na Unguwarku a Jos

Wanda yake son sanin asalin asibitin haihuwa da awon yara na unguwarsu kada ya dogara da allon da ke bakin ƙofa, domin sunan da aka rubuta a kai sau da yawa ba shi ne na farko ba. Abin da ya kamata ya fara tantancewa shi ne wanda ya gina wurin, ko En'e (hukumar gargajiya ta da), ko 'yan mishan, ko gwamnati, saboda takardu suna bin mai gida ne.

Misali, asibitin da mutanen Jos suke kira Jankwano mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ne ya buɗe shi a 1959 da sunan Evangel, yanzu kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, na garin Vom kuwa mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ne ya kafa shi. Ƙananan ɗakunan shan magani na En'e sun koma hannun ƙananan hukumomi bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Filato.

Fara da tsofaffi kafin takarda. Nemi izinin mai unguwa, sannan ka zauna da ungozomomi da malaman asibiti da suka yi ritaya, ka tambaye su ranar awon ciki, da wanda yake karɓar haihuwa da dare, da lokacin da mata suka fara yarda su haihu a asibiti maimakon ɗakinsu. Ba kasafai tsohuwa take riƙe shekara ba, amma za ta tuna goyon wane ɗa take yi a lokacin, kai kuma sai ka ƙirga daga shekarunsa. Roƙe ta ta duba ƙasan adaka ko tsohon katin awon yaro yana nan, domin hatimin da ke jikinsa kan nuna tsohon sunan asibitin, layin nauyin da ke ciki kuwa ya samo asali ne daga aikin Dakta David Morley, likitan yara ɗan Birtaniya, a garin Imesi-Ile na ƙasar Yarbawa.

Daga nan sai Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin Lardin Filato suke ƙarƙashin alamar JOSPROF. Nemi rahotannin shekara-shekara da kasafin kuɗin En'e. Don abin da ya biyo bayan 1972, duba tsofaffin jaridun Nigeria Standard, jaridar Jos da ta fara fitowa a shekarar, musamman na zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, lokacin da aka ƙarfafa rigakafi da kiwon lafiya a matakin farko.

Idan an ba ka rajistar haihuwa, kwafi adadi da shekara kawai, ka bar sunayen mata a inda ka same su.