Yadda nake gane gaskiya da ƙari a littafin tarihi

To ni dai in na ɗauki labarin da aka gina kan tarihi, daga baya nake farawa, wurin da marubucin ke faɗin abin da ya ƙara da kansa. Sannan in riƙe biro, duk shekarar da na gani in ja mata layi. Misali in an ce Katsinawa sun baro Katsina bayan 1807, ko ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa Maradi ta hau tudu, wannan tarihi ne, amma hirar da Dan Kasawa, sarkin Katsinawan Maradi na farko, ya yi da matarshi cikin dare, wa ya ji?

Littafin tarihin 'yan daudu kuwa, duba ko marubucin ya zauna da su, ko a bakin 'yan gulma ya tsinto, wallahi bambancin a fili yake.