Yadda ake duba hoton hadari a waya a san ko ruwa na tafe

Da zarar watan Mayu ya kama, hotunan taswira masu ja da ɗorawa sukan cika zaurukan WhatsApp, a ƙasansu an rubuta "Kano ku shirya". Sai a kwashe shanya, mai buga bulo ya sallami leburori, a kwana a tashi ko ɗigo. Wata rana kuma taswira fes, can cikin dare ruwa da iska su yaye kwanon rufi. Daga nan mutane su yanke hukuncin cewa manhajar ƙarya take yi. Na sha zama da masu koyo muna dubawa tare, kuma kusan kullum matsalar ɗaya ce: hoto guda suke kallo, idonsu a kan sunan garinsu, alhali labarin yana can gabas.

Kafin komai ka tabbatar da abin da ke kan fuskar wayarka, domin abubuwa uku ne daban ake nuna su da launuka masu kama da juna. Na farko rada. Na'ura ce da ake girkawa a ƙasa, galibi kusa da filin jirgin sama, tana juyawa tana harba igiyar rediyo sama. Idan igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa ko ƙanƙara sai wani ɓangarenta ya dawo, na'urar ta auna ƙarfinsa da nisan inda ya fito. Ruwan kansa take gani, amma ganinta mai amfani ba ya wuce kilomita 200 zuwa 250. Turai da Amurka a lulluɓe suke da irinta. A Afirka ta Yamma ƙalilan ne, kuma ba duka ne hotonsu ke isowa manhajojin waya ba. Saboda haka idan ka buɗe taswirar rada ka ga Katsina ko Damagaram babu launi ko kaɗan, kada ka ce ba a ruwa. Babu mai kallo ne kawai.

Na biyu hoton tauraron ɗan'adam, kuma shi ne namu. Taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai suna can sama wajen kilomita 36,000, ɗaya yana tsaye daidai saman tekun da ke kudu da Ghana, don haka ƙasashenmu suna tsakiyar idonsa. Yana ɗaukar hoto duk minti 15, sabon samfurin da aka harba a Disambar 2022 kuma duk minti 10. Na uku shi ne hasashen kwamfuta, irin su ECMWF da GFS da ICON. Wannan lissafi ne na abin da ake zaton zai faru, ba wanda ya hango shi da ido. Mafi yawan hotunan da ake yawo da su irinsa ne, kuma a yankinmu lissafin yana da rauni ƙwarai wajen faɗin wane gari ne zai samu ruwa da ƙarfe nawa.

Ni manhajar Windy nake amfani da ita, kuma ita nake cewa kowa ya fara da ita. Zoom Earth ma tana yi. Ka shiga jerin shafukan ka zaɓi wanda aka rubuta Satellite, ka bar shafin ruwa da tsawa tukuna. Kada ka biya kuɗin rajista ko sisi, abin da ake bayarwa kyauta ya isa wannan aiki. Sai dai hoto mai motsi yana shan data, saboda haka ka loda awa biyu ko uku na baya kawai, sau biyu a yini, wajen la'asar da kuma bayan isha'i.

Sannan ka duba agogon da ke jikin hoton. Wasu shafukan da lokacin UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, suke aiki, wanda Najeriya da Nijar suka fi shi da awa ɗaya. Idan an rubuta 15:00, ƙarfe huɗu ne na yamma a Kano da Yamai. Hoton kansa ma yakan makara da minti 15 zuwa 30 kafin ya iso waya. Hadari mai gudu ya ci kilomita 20 a wannan ɗan tsakanin.

Ka zaɓi hoton da ke auna sanyin saman gajimare, shi ne ke aiki dare da rana. Gwargwadon tsawon gajimare, gwargwadon sanyin kansa. Wanda ya miƙe ya haura kilomita 12 sama, kansa yakan kai digiri 60 ko 70 ƙasa da sifili, kuma irinsa ne ke ɗauke da ruwa mai ƙarfi da tsawa. Kowace manhaja da launin da take ba wannan sanyi, don haka ka karanta ma'aunin da ke gefe, kada ka ɗauka ja ɗaya ne a ko'ina.

To ga inda kowa ke faɗuwa. Ka matsar da taswirar yadda garinku zai koma gefen hagu, ka bar fili babba ta dama, wato gabas, aƙalla kilomita 400 ko 500. Mutumin Kano ya riƙa ganin Dutse, Azare, Potiskum har Maiduguri. Mutumin Maraɗi ya sa ido kan Damagaram. Na Sakkwato ya dubi Katsina da Gusau. Iyayenmu da suke cewa hadari ya haɗo daga gabas gaskiya suka faɗa, kuma dalilin sananne ne. A damina akwai iska mai ƙarfi da ke kadawa daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 3 zuwa 4, ita ke jan manyan hadarurruka. Abin da ke rikita mai koyo shi ne iskar da yake ji a jikinsa daga kudu maso yamma take zuwa, ɗauke da danshin teku, ƙananan gizagizai ma can suke fitowa. Sai ya buɗe shafin iska ya ga kibiyoyi suna nufin arewa maso gabas, ya hango jan tabo a yammacin garinsu, ya ce ga shi nan tafe. Wannan tabon ya riga ya wuce, ba zai juyo ba. Na ga wanda ya hana a yi feshin gona yini guda cur saboda hadarin da ke kan hanyarsa ta zuwa Birnin Kebbi. In kana son ganin iskar da ke tuƙa hadarin da idonka, ka ɗaga ma'aunin tsayi na shafin iska zuwa 700 hPa, wato wajen tsayin da wannan iskar take kadawa, za ka ga kibiyoyin sun juya sun fuskanci yamma.

Yanzu ka danna hoton ya yi motsi, ka kalla sau uku ko huɗu. Kada ka bi tsakiyar tabon da ido, gefensa na yamma za ka bi, inda launi ke canzawa farat ɗaya daga babu komai zuwa mafi sanyi. A nan goshin hadarin yake, a nan iska da ruwa mai ƙarfi suke. Abin da ya bazu a bayansa yawanci yayyafin nan ne da ke biyo baya na awa biyu ko uku. Akwai kuma siririn gajimare da iskar can ƙololuwa ke yaɗawa nesa da ainihin hadarin, yana da sanyi, yana ɗaukar launi, amma ba ya zubar da komai. Za ka gane shi da laushin gefe da disashewa sannu a hankali. Garinku zai iya shiga ƙarƙashinsa, gari ya yi luf, rana ta ɓuya, a tashi ba ruwa.

Lissafin isowa ba wuya. Ka lura da garin da goshin yake a farkon motsin da garin da ya kai a ƙarshe. A ce da ƙarfe huɗu yana Potiskum, da ƙarfe shida ya iso Azare. Tsakaninsu wajen kilomita 100 ne a miƙe, ka ga yana cin 50 a awa, wanda shi ne kusan gudun da manyan hadarurrukan Sahel suka saba, 50 zuwa 60. Daga Azare zuwa Kano wajen kilomita 185 ne a miƙe, to ka sa ran shi tsakanin tara da rabi zuwa goma na dare. Nisan miƙe za ka auna a taswira, ka manta da tsawon titin mota. Ka kuma duba ko yana karkata, domin da yawa sukan ɗan zame kudu suna tafiya, ya zamana Zariya ce ta sha, Kano ta samu iska kawai.

Saura tambayar ko zai iso da ransa. Tabon da ke faɗaɗa yana ƙara sanyi yana kan ƙarfinsa. Wanda tsakiyarsa ke dusashewa yana rarrabewa, mutuwa yake yi. Idan manhajarka tana nuna ɗigon walƙiya ka kunna, muddin suna taruwa a goshi hadarin na da rai. Yawancinsu da yamma suke tasowa bayan rana ta gasa ƙasa, musamman kan tuddai irin na Jos da duwatsun Mandara da na Ayar, su yi tafiyar dare, su raunana bayan hantsi. Shi ya sa ba na yarda da hoton ƙarfe goma na safe. Sararin da yake wasai a lokacin zai iya tara hadari a kan garinku kafin magariba, kuma irin wannan na gida tauraro ba zai ba ka gargaɗin da ya wuce awa ɗaya ba. Duk wannan karatun alamu ne da kirdado, saukar da ruwa kuwa na Allah ne.

A bazara sai ka ƙara duba abu ɗaya, lambar da ke nuna sanyin da iska za ta kai kafin ta fara zubar da raɓa. Idan tana ƙasa da digiri 15 a garinku, busasshiyar iskar hamada ce har yanzu ke mulki. Hadari zai iya zuwa da kyan gani a hoto, ruwan ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa, ku sha holoƙo.

Wanda yake inda rada ke aiki, ko ya yi tafiya waje, lambobin dBZ, ma'aunin ƙarfin abin da ya dawo wa radar, zai duba: wajen 20 yayyafi ne, 30 zuwa 40 ruwa sosai, 50 zuwa sama kamar da bakin ƙwarya, wataƙila har da ƙanƙara. Tabon da ke kewaye da na'urar wanda ba ya motsi, gine-gine ne ko tsaunuka ko tsuntsaye. A shafin Doppler kuma, wanda ke nuna motsin iska, kore na nufin iska na nufo na'urar, ja tana barinta.

In lokacin da ka lissafa ya kusa, ka ajiye waya ka fita ka dubi gabas. Iska ta tsaya cik, sannan ta juyo da sanyi da ƙura daga gabas, to saura 'yan mintuna. Ka ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa ka raba uku, ka samu nisanta a kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba a shiga ɗaki ko mota, a kira yara daga fili, kada kowa ya fake a gindin bishiya.

Hasashen kwana biyar ko goma kuwa, ka ɗauke shi a matsayin nuni ga ko makon zai yi danshi ko zai bushe, iyakarsa ke nan. Ka gwada ECMWF da GFS, in sun yi daidai ka ɗan ƙara yarda. Ka haɗa da sanarwar kullum ta NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, da hasashen damina da take fitarwa a farkon shekara, mutanen Nijar kuma da hukumar yanayin ƙasarsu da cibiyar AGRHYMET ta Yamai. Manomi kada ya fitar da iri don hoton tauraro ya yi ja. Ma'aunin da masana noman Sahel suka daɗe suna bi shi ne a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa a cikin kwana 30 da ke biye.